Wutsiyar Kalma

Mu mutanen Paris ba ma ƙarasa magana. Kalma in ta shigo bakinmu sai mu ci gabanta, mu haɗiye wutsiyarta, mu wuce ta gaba kamar ana binmu da bulala. Ɗauki furen nan mai ƙaya da ake rubutawa rose. Mu "roz" muke cewa, a gutsure, harafin ra ɗin ma daga maƙogwaro yake fitowa kamar mai kurkurar baki. Mutanen kudu kuwa ba sa barin komai a kwano. Su kaɗa harshe, su buɗe baki, su ce "rro-za", su ja wutsiyar har ta taɓa ƙasa. Da haka muke gane su ko sun sa kaya irin namu, da haka kuma muke yi musu dariya tun kaka da kakanni.

Amma waƙa ba ta san wannan wayon namu ba. A irin waƙoƙin da nake ci da su, murya ɗaya da fiyano ɗaya a falon wani mai hali, kowace wutsiya tana da nata sauti a takarda, dole a rera ta. Mawaƙanmu sun san haka, suna kuwa yi, amma irin yin wanda aka tilasta wa gaida maƙiyinsa. Su taɓa ta da gefen leɓe su gudu.

Ni ce Berthe Pichot. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina zaune gaban fiyano ina bin mawaƙa. Su ke tsayawa gaba da fure a ƙirji, ni ina gefe ina rufa musu asiri: in sun yi gaggawa in bi su da gudu, in numfashi ya ƙare musu in cike wurin da yatsu. Ba a tafa mini, ban kuma damu ba. Abu ɗaya nake taƙama da shi, kunnena. Ba a yi mutumin da zai buɗe baki a gabana ban san inda aka yaye shi ba.

A shekarar da nake ba ku labari, tsoho Aristide Sauvel, mai tsara waƙoƙi, ya fito da sabuwar waƙa, bayan ya daɗe da rufe fiyanonsa har wasu sun fara zaton ya mutu. Mutumin nan duk abin da ya rubuta a rayuwarsa ba zai cika aljihun kwat ba, amma babu falon da ake shan shayi a Paris da ba a taɓa yin tsit saboda shi ba. Al'adarmu kuwa ita ce, wanda ya fara rera waƙa a gaban jama'a, sunansa ake bugawa a saman takardar. Mawaƙi in ya mutu muryarsa ta bi shi kabari, amma wannan suna yana nan muddin ana buga takardar. Don haka kowa ya wasa wuƙarsa.

Tsoho ya yi ta korarsu ɗaya bayan ɗaya. Ni ke kaɗa musu, saboda haka a idona aka yi komai. Waƙar ba ta da wuya a ido. Baitoci ne na wani abokinsa da ya rasu, a kan mutumin da ya koma lambun gidansu bayan sanyi ya fara shigowa, ya tarar duk furanni sun zube sai ɗaya. Kalmar ƙarshe ita ce rose, a nan kuma tsohon ya ɗana tarkonsa. Maimakon ya ba wutsiyar ɗan gajeren sauti yadda kowa ke yi, sai ya ɗora mata sautin da ya fi kowanne tsawo a waƙar, sannan ya janye fiyano daga ƙarƙashinta, ya bar murya ita kaɗai a fili.

Wata babbar mawaƙiya daga gidan waƙa na Opera ta zo da gashin jimina a hula. Da ta kai ƙarshe sai ta tura leɓe gaba ta mayar da wutsiyar wani irin kuka mai kauri. Tsoho ya ce, "Madam, fure na rubuta, ba maraƙi ba." Wani mai ƙaton gashin baki kuma ya shaƙe ta ya mai da ita raɗa. Tsoho ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Ina sauran? Kuna yanke wa kalmomina wutsiya kamar karnukan masu kuɗi!"

Sai layi ya zo kan Eulalie Mirand.

Eulalie ta ba talatin baya da ɗan dama. Doguwa ce, mai baƙin gashi, tana tafiya kamar ubanta ne ya shimfiɗa titin. Muryarta mai kauri ce da ɗumi, in ta fara waƙa sai ka ji kamar an ƙara itace a murhu. Amma ba ta taɓa taka sa'a ba. Ita ake kira ta cike gurbi in wata ta yi mura, a yaba mata a bakin ƙofa, a manta da ita kafin ta sauka daga bene. Abin da ke ciyar da ita shi ne koya wa 'ya'yan attajirai lafazi. Kowa ya san a garin Tours ake Faransanci mafi tsabta, Eulalie kuwa 'yar Tours ce. Haka katin sunanta ya ce, haka ita ma ta ce, iyaye mata kuma suna rububinta.

Ni dai na san irin Tours ɗin nan tata. A watan da muka fara aiki tare murfin fiyano ya faɗo mata a yatsu, zagin da ya fito daga bakinta ko ta gefen Tours bai bi ba. Ra ɗinsa ya yi ta gangarowa kamar amalanke a kan duwatsu, irin na mutanen kudu. Ta dube ni a tsorace, ni kuwa na dubi takardata na ce mu koma daga baiti na biyu. Shekara goma ban tayar da zancen ba. Ina son ta, kuma ba ruwana da inda mutum ya ce an haife shi muddin bai saɓa wa kiɗa ba.

Da hantsi muka hau wurin tsohon, can saman bene, ɗaki duk warin taba da na kyanwa. Yana zaune da bargo a gwiwa, bai ko ce mu zauna ba. Na buɗe fiyano, Eulalie ta tsaya ta rera. Na rantse ban ji wanda ya kusa da ita ba cikin duk waɗanda suka zo. Da ta kai kalmar ƙarshe ta ba ta tsawonta cif, ta fito da ita fes, a goge a ninke kamar hankicin biki.

Tsoho ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya ce, "Madmazel, ke ce ta farko da ba ta sa na ji ina son yin jifa da sandar nan ba."

Ta ce, "Na gode, Maître," wato babban malami.

"Kada ki gode tukuna. Kin ɗauko ni tun daga ƙofar lambu, kin bi da ni har gindin furen, sannan kika miƙo mini na takarda."

"Abin da ka rubuta na rera. Ga Madam Pichot nan, ta faɗa in na rage ko ƙwayar zarra."

"Ba ki rage ba. Ai gawa ma ba ta rage komai, hanci da kunne duk suna nan."

Da wata ce, da ta fashe da kuka. Eulalie kuwa gyara tsayuwa ta yi. Ta ce, "To faɗa mini yadda kake so. In ƙara buɗe baki? In rage? In ƙara ƙarfi?"

"Da na san yadda ake faɗa da baki, me zai kai ni rubuta waƙa? A kunnena take. Na sha jin ta, safe da yamma..." Sai ya ja bargonsa. "Ranar Alhamis, gidan Madam Tessier, lokacin shayi. Ki sake rerawa a can. In na ji abin da nake nema, waƙar taki ce, in rubuta sunanki da hannuna. In ban ji ba, murhu za ta shiga. Na gaji da ku duka."

Mun san kuwa zai aikata, don ya taɓa yi. Abin da ya ƙona da hannunsa ya fi abin da ya bari.

Gidan Madam Tessier kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Mijinta ke da masana'antar sukari, falonta kuwa shi ke ɗaga mawaƙi ko ya binne shi. 'Ya'yanta mata biyu ɗaliban Eulalie ne, kuma ta hannunta duk sauran ɗaliban suka zo.

Da muka sauko muka shiga shagon kofi na kan kwana. Eulalie ta cire safar hannu ta yar a tebur.

Ta ce, "Tsohon nan ya rikice. Me kuma yake so? Na ba shi tsawo, na ba shi tsabta."

Na ce, "Tsabtar ce ta yi yawa."

"Berthe, don Allah kada ki fara."

"Kin san matarsa?"

"Wadda ta rasu bara? Wa ya san ta? An ce kullum ba ta da lafiya."

"Ba ta da lafiya! Matar da ke ɗauko kwandon kasuwa ta hau benen nan tana waƙa? Ta fi ni lafiya, ta fi ki. Bakinta ne ba shi da lafiya a wurin mijinta."

Na ba ta labarin abin da na sani. Matar 'yar kudu ce, ya auro ta tun yana saurayi, lokacin da yake kaɗa wa wani coci kiɗa a can. Da ya yi suna a Paris sai ya ga in ta buɗe baki a falo dariya za a yi masa, sai ya riƙa barin ta a gida yana ce wa mutane ciwon kai ne. Haka suka tsufa. Ba ta taɓa zama cikin jama'a ta ji ana rera waƙar mijinta ba. Ni da nake zuwa gidan gwada masa sababbin waƙoƙi na san ta sarai, don ta sha cika ni da wake da naman agwagwa da tafarnuwa har in kasa tashi. Ranar da muka fara haɗuwa ta fito daga kicin, hannu duk garin fulawa, ta miƙo mini shi haka ta faɗi sunanta.

Na ce, "Sunanta Rose. Sai dai ba haka take faɗinsa ba."

Eulalie ta ajiye kofinta a hankali. Ba ta da jinkirin fahimta.

Ta ce, "To sai ki nemo masa 'yar kudu. Ga su can cike da kasuwa suna tallan kifi."

"Na nemo. Ga ta nan zaune tana hararata."

Ta ƙura mini ido. "Tun yaushe?"

"Tun murfin fiyano."

Sai ta kwashe da dariya har mai shagon ya waiwayo. "Shekara goma! Kina kallona ina ta murɗe baki kamar mai ciwon haƙori, ba ki ce uffan ba? Kai, Berthe, ke ba mutuniyar kirki ba ce."

"Ban taɓa cewa ni ita ce ba."

Dariyar ta ɗauke kamar yadda ta zo. Ta matso da kai ta rage murya. "Kin san abin da na sha kafin in kashe bakin nan? Na zo garin nan ina budurwa, na shiga shago na ce a ba ni burodi. Mai shagon ya ƙwala wa matarsa kira daga ciki, ya ce in maimaita don ita ma ta ji. Malamina na farko ya ce murya ta zinariya, baki na mai kiwon agwagi. Fensir na riƙa cusawa tsakanin haƙora ina karatu a gaban madubi har dasashina ya yi jini. Sunan ubana ma sai da na yanke masa wutsiya. Mirande ne, Berthe. Mi-rran-da. Na datse harafin ƙarshe don ya dace da katin. Yanzu kina so in tsaya a falon Madam Tessier, a gaban iyayen ɗalibaina, in kwance duk wannan saboda kalma ɗaya?"

"Ni ban ce ki yi ba. Inda furen yake kawai na nuna miki."

"Ba famfo ba ne da zan buɗe a ƙarshe in rufe. In na saki bakin nan, tun daga baitin farko zai fito. Kowa zai ji."

"Zai ji kam."

"Ranar Juma'a in wayi gari ba ni da ɗaliba ko ɗaya."

"Mai yiwuwa. Amma ban taɓa ganin an buga sunan mai koyar da lafazi a saman takarda ba."

"Muguwa."

"Sha kofinki kafin ya huce."

Mun yi gwaji a gidana kafin ranar. Duk sanda ta rera, da bakin Tours ta rera, ta ƙara goge kalmar nan, ta gwada ta ta nan ta gwada ta can, ko za ta samu wata hanya ta tsakiya. Babu wata hanya ta tsakiya, ni na sani, ita ma ta sani. Ban sake ce mata komai ba, amma raina ya ɓaci ƙwarai. Ina kallon waƙar da ta fi duk abin da tsohon ya taɓa rubutawa tana tafiya murhu, ga kuma mai ceton ta tsaye kusa da ni tana auna leɓe.

Ranar Alhamis falon ya cika maƙil. Madubai ko'ina, kujerun nan masu ƙafar zinariya da ba a yi su don zama ba, mata da mafitai, maza da gilashin ido ɗaya, masu hidima suna zagayawa da shayi da kek. Labari ya bazu cewa yau tsoho zai ba da waƙa ko ya ƙona ta, kowa kuwa yana son ganin wuta. Shi yana can kusurwa, sanda tsakanin gwiwoyi, bai taɓa shayinsa ba.

Madam Tessier ta tafa hannu aka yi shiru. Mace ce mai kirki, in dai kirki shi ne ciyar da mutane, amma ba ta iya gabatar da kowa ba sai ta sa kanta a ciki. Ta kamo hannun Eulalie ta ce, "Wannan baiwar Allah ita ta ceci gidana. Kun san mun yi kuskuren ɗaukar mai raino 'yar kudu. Kafin mu farga yaran sun tashi suna magana kamar masu tallan tafarnuwa. Wata rana ƙaramar ta shigo da gudu daga lambu tana cewa, 'Mamma, ga rro-za!'"

Ta kwaikwaya da kyau, har da buɗe hannuwa. Falon ya ɗauka da dariya.

"Madmazel Mirand ce ta wanke musu baki tas. 'Yar Tours ce, abin a jininta yake."

Ni ba su nake kallo ba, tsohon nake kallo. Bai yi dariya ba. Ya sunkuyar da kai. Sautin da ya yi wata da watanni yana nema ga shi ya fito a falon, amma a bakin mai ba'a, kuma ga dariyar nan da ya ɓoye matarsa saboda ita tun suna matasa. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, duka a lokaci ɗaya. Da na juyo sai na ga Eulalie ma shi take kallo.

Ta yi wa Madam Tessier murmushi, ta ɗan rusuna, ta tako zuwa fiyano. Ta sunkuyo kamar za ta gyara mini takarda, ta ce a kunnena, "Ki ba ni wuri, kada ki yi sauri. Yau ba da bakin aro zan yi ba."

Na ce, "Jeki, ina bayanki."

Na sa hannu. Ta ja numfashi ta shiga, tun daga kalmar farko kuwa abin ya fito. Harshe ya kaɗa, baki ya buɗe, kowace kalma ta zo da wutsiyarta a miƙe. Wata mata a layin gaba ta ɗaga mafici ta rufe baki. Wani a baya ya yi 'yar dariya ta hanci. Murmushin Madam Tessier ya maƙale a fuskarta, ta rasa inda za ta ajiye shi. Eulalie ba ta sauke ido ba. Ta dubi mai maficin, ta dubi mai dariyar, ta ci gaba da rera musu kai tsaye kamar su ta zo wa.

Kafin a kai baiti na biyu ba mai sauran dariya. Ni kaina sai da na ƙara nauyin hannu, don muryar da ke gabana ba wadda na saba bi ba ce. Ta fi ta faɗi, ta fi ta zurfi. A nan na gane shekara goma rabin muryar matar nan nake ji, ɗaya rabin yana tsaye a bakin ƙofa yana gadi. Yau ta sallami mai gadin. Ta shiga lambun nan da mu, ta nuna mana ganyen da ya zube, ta bi da mu ta gefen bango a hankali, ba gaggawa, kamar mai zagaya gidan da aka haife ta.

Muka zo ƙarshe. Na buga sautina na ƙarshe na ɗaga hannuwa, yadda tsohon ya rubuta, na bar ta ita kaɗai. Ta ce "rro", sannan ta buɗe wutsiyar ta riƙe ta. Ba kukan maraƙi, ba raɗa. Sai na ga matar nan ta fito daga kicin da fulawa a hannu tana faɗa mini sunanta. Ni da ba na kuka a wurin aiki, ranar hawaye ya zubo mini har kan fiyano, ban kuma share ba.

Ba wanda ya san ko tafi ya kamata ko me. Madam Tessier ce ta fara samun bakinta, kuma a gaskiya ƙofa ta buɗe wa Eulalie, ko da saninta ko babu. Ta yi wata dariya ta ce, "Kai, Madmazel! Wannan irin kwaikwayo haka? Ai kin fi ni iyawa. Sai ka ce a can aka haife ki!"

Wasu suka saki ajiyar zuciya suka fara tafi. Eulalie in ta ce i, shi ke nan, ɗalibanta suna nan, a tashi ana yaba gwanintar 'yar Tours. Na ga ta gane haka.

Tsoho ya buga sanda sau ɗaya, tafin ya tsaya. Ya ɗago kai, idonsa ja. Ya ce, "Kwaikwayo ne? 'Yata, dube ni. Ke 'yar ina ce?"

Eulalie ta juya gare shi. Ba da waƙa ba yanzu, da magana, da bakin da ban taɓa jin ta yi zance da shi ba, ta ce, "Larroque, Maître, can kudu, bakin kogin Garonne. Ubana agwagi yake kiwo. Uwata tana nan da ranta, kuma ta fi ni murya."

Madam Tessier ta ajiye kofi har ya yi ƙara. "Amma... Tours fa?"

"Na taɓa wucewa ta can a jirgin ƙasa, Madam. Gari ne mai kyau."

Wani matashi ya tuntsire da dariya, matarsa ta zungure shi. Na ga iyaye mata suna haɗa ido, na san Juma'ar da Eulalie ta faɗa ta riga ta zo. Haka kuwa aka yi, kafin mako ya zagayo duk sun janye 'ya'yansu, sai wani likita da kunnensa ba ya ji sosai. Amma a lokacin ko kallonsu ba ta yi ba. Tana tsaye, hannu ɗaya a kan fiyanona, kai a sama.

Tsoho ya yunƙura ya miƙe. Wani ya kawo hannu zai taimake shi, ya ture. Ya tako har wurinmu, ya zare takardar daga gabana, sannan ya juya ya dubi falon.

Ya ce, "Matata ba ta taɓa shigowa ɗakin nan ba. Ba ciwon kai ba ne, ni na hana ta, saboda tsoron abin da kuka yi ɗazu. To yau ta shigo, kun kuma ji ta. A ba ni alƙalami."

Aka kawo alƙalami da tawada da gudu. Ya shimfiɗa takardar a kan murfin fiyano, irin murfin nan mai tona asiri, ya sunkuya yana rubutu a sama. Ina kallo harafi bayan harafi: Ga Madmazel Eulalie Mirand. Ya ɗaga alƙalamin ya nemi abin busar da tawada.

Eulalie ta leƙo ta kafaɗarsa ta ce, "Maître, ba ka ƙarasa ba."

"Me ya rage?"

"Akwai wutsiya."

Ya dube ta, ya dubi sunan. Sai ya sake tsoma alƙalami a tawada, ya ƙara harafin da ta datse tun tana budurwa, ya ja wutsiyarsa har ta kai bakin takardar.